Rana na Waje, Ɗalibi na Ɗaki

Je ka kasuwar Deule ka ce akwai yaron da rana ba ta ishe shi ba, dariya za a yi maka. Amma ƴaƴanmu da muke turawa Jami'ar Djibo Hamani ta Tawa, ko Yamai, ba rayuwar manomin albasa na fadamun Madawa suke yi ba. Daga ɗakin kwana sai aji, daga aji sai inuwa da waya a hannu, karatu kuma sai dare ya raba.

Fatar mutum ce ke haɗa bitamin D idan rana ta taɓa ta, kuma da shi jiki ke tsotsar kalsiyam mai gina ƙashi. Baƙar fata tana bukatar lokaci fiye da fara. Hasken da ya ratso gilashin taga ba ya aikin, ƙurar hunturu ma tana rage shi. Wani nazari da mujallar Lancet Global Health ta buga a 2020 ya nuna kusan mutum ɗaya cikin uku a Afirka na da ƙarancin bitamin D.

Ƴar ƙanwata ta dawo hutu da ciwon baya da kasala, ga kwalbar ƙwayoyi da ta saya wurin mai tallar magani a tire. Wannan ne ke ba ni tsoro. Kasala tana iya zama zazzaɓin cizon sauro ko ƙarancin jini, kuma bitamin D idan ya yi yawa yana taɓa ƙoda. Gwajin jini ne kawai ke raba gardama.

Ni dai na fi zargin kwanon abinci. A Jos, binciken da Dokta Thacher da abokansa suka buga a 1999 ya gano cewa yaran da ƙafafunsu suka gwame sun fi warkewa da kalsiyam, a kan bitamin D shi kaɗai. Yaron Buza ko Keita ya tashi da fura da nono. Yana shiga jami'a sai shinkafa da taliya.

Ƴan mata ba sai sun cire hijabi a titi ba. Tsakar gida ta isa a shanya hannu da ƙafa da hantsi na ɗan lokaci. Hukumomin jami'a su keɓe musu irin wannan fili a masauki, su sa nono, ƙwai da kifin gwangwani a abincin ɗalibai. Iyaye, in za ku aika guzuri, ku haɗa da cuku.