Mai Digiri Na Biyu Kan Ilmin Laifuka: Ina Zai Dosa?

Makon jiya wani ƙanena ya same ni da takardar shaidarsa a hannu, ya ce ya kammala digiri na biyu kan ilmin laifuka da tsaro a Jami'ar Karatu Daga Gida, wadda hedkwatarta ke Jabi, amma duk wanda ya gani sai ya ce masa ya tafi aikin ɗan sanda. Ya tambaye ni ko ƙofar ke nan guda ɗaya. Na ce masa a'a, kuma amsar da na ba shi ita zan maimaita a nan, don na san irinsa suna da yawa.

Da farko, wannan digiri ba ya mayar da mutum lauya. Mai son tsayawa gaban alƙali tilas ya karanta shari'a, sa'an nan ya wuce Makarantar Lauyoyi, kamar wadda ke Bwari.

To, amma akwai hukumomin bincike da hedkwatocinsu ke nan Abuja: NDLEA mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi tun 1989, da ICPC da aka kafa a 2000, da EFCC, da kuma NAPTIP mai hana fataucin mutane tun 2003. Aikinsu ya wuce kama mai laifi, suna bukatar mai nazarin yadda laifin ke yaɗuwa da hanyar toshe shi.

Inda na fi jan hankalinsa kuwa shi ne gidajen yari. A 2019 aka yi dokar da ta mayar da su gidajen gyaran hali, ta kuma kafa sashen hukuncin da ba na ɗauri ba, watau aikin gayya ga jama'a, da sakin talala, da sasanta mai laifi da wanda aka zalunta. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ma ta umarci alƙalan majistare su riƙa duba wuraren tsare mutane na 'yan sanda kowane wata. Duk da haka, kimanin kashi biyu cikin uku na mazauna gidajen yarinmu jiran shari'a suke yi. Wa zai bi takardun waɗannan bayin Allah? Wa zai sa ido kan wanda aka saka, kada ya koma gidan jiya? Aikin mai wannan ilmi ke nan, ko a hukumar gidajen, ko a Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam, ko a ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ƙwayoyi da laifuka. Ga kuma koyarwa, kamar a Kwalejin 'Yan Sanda ta Wudil, da sassan binciken zamba na bankuna.

Shawarata ga samarinmu ita ce su haɗa takardar da ƙwarewa: lissafi, da kwamfuta, da iya rubuta rahoto. Kada kuma su ba kowa ko kwabo da sunan sayen gurbin aiki, domin wanda ya shiga aikin hana laifi ta hanyar laifi, da wane baki zai tuhumi wani?

Allah Ya sa mu dace, amin.