Mai Ciwon Suga da Jijiyar Zuciya: Kada Arha Ta Yi Muku Zaɓi

Ke da kika zo awon ciki, da ku 'yan rakiya, wannan magana taku ce. Gidaje da yawa a Birnin Kebbi da Argungu ba su rasa dattijo mai ciwon suga. Shekaru na tafiya, sugan na lalata jijiyoyin da ke kai wa zuciya jini, kitse ya taru a cikinsu, su tsuke. Alamar ita ce nauyi a ƙirji ko haki in an yi 'yar tafiya. Wasu masu suga ma ba sa jin zafin ko kaɗan.

In likita ya ce sai an sa sitent, wato 'yar ragar ƙarfe da ake zurawa ta jijiyar hannu ko ta cinya don ta buɗe wurin da ya tsuke, dangi sukan haɗa kuɗi su tambayi wadda ta fi arha. A ganina wannan kuskure ne. Akwai ragar ƙarfe zalla, wadda aka fara sawa a 1986, akwai kuma mai shafe da magani, wadda Amurka ta amince da ita a 2003. Jijiyar mai suga tana saurin sake toshewa, maganin da ke jikin ragar kuwa shi ke rage hakan. Don haka mai maganin ta fi dacewa da shi. Arha ba ta ado.

Ku kuma yi wa likita tambayoyi biyu. Na farko, jijiya nawa ta toshe? Binciken FREEDOM na 2012, a kan masu suga 1,900 da jijiyoyinsu da yawa suka toshe, ya nuna tiyatar yi wa jini sabuwar hanya ta fi raga rage mutuwa da bugun zuciya. Na biyu, wane magani za a sha bayan aiki? Yawanci asfirin ne da clopidogrel, na wata 6 zuwa 12. Dakatar da su ba da izinin likita ba na iya sa jini ya daskare a cikin ragar. Ku ware kuɗinsu tun kafin a shiga aiki.

Ke kuma mai juna biyu, rigakafinki yana hannunki. Ki nemi gwajin suga tsakanin mako 24 da 28. In an same shi, ki koma a sake gwadawa da zarar kin yi arba'in, domin sugan ciki yana ƙara haɗarin ciwon suga da na zuciya nan gaba. Ki rage yawan tuwon shinkafa da lemon kwalba, ki ƙara ganye, wake da kifin gulbinmu. Maigida, kai ma ka miƙa yatsa a gwada ka.

Allah Ya sauke ki lafiya, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.