Mai Son Shiga Sa'iƙa Ya Fara Da Akushi

 A wannan wata na yi niyyar yin magana ne a kan jarrabawar ƙarshen shekara, to amma wani abu ya taso wanda ya sa na jingine waccan magana sai wani jiƙon.

Wata baiwar Allah, maƙwabciyarmu, ta shigo gidana bayan la'asar hankalinta a tashe, ta ce, "Malam, ɗanka zai halaka kansa. Ka yi masa magana, ni ya daina jin tawa." Yaron nan ni na koyar da shi a aji biyar, yanzu shekarunsa 19. Ya ƙudura a ransa sai ya shiga Sa'iƙa, wato rundunar zaratan sojojin ƙasar nan mai mazauni a Bangazi, wadda marigayi Wanis Bukhamada ya jagoranta kafin rasuwarsa a 2021. Wata biyu ke nan yana gudu a hanyar Samnu zuwa Zigan da jakar yashi a baya. Ya daina cin bazin da tuwo da burodi, wai suna sa teɓa. Abincinsa ƙwai da wani garin gina jiki da ya sayo a Sabha da kuɗin da ya fi cefanen gidansu na mako. Ran nan sai ya yanke jiki ya faɗi a bakin titi, wani mai motar dabino ya kawo shi gida.

Ni ba soja ba ne, alli ne makamina. Amma a kwalejin horon malamai an koya mana kiwon lafiya da motsa jiki, kuma tun daga lokacin ban daina bibiyar abin ba. Saboda na san ba shi kaɗai ne ke da wannan buri a cikin samarinmu ba, ga abin da na gaya masa.

Na ce da shi, ɗana, ka kori direba ka bar kwandasta. Abin da ke tura jiki a doguwar tafiya da kaya shi ne abinci mai sitaci: sha'ir, alkama, gero, shinkafa, makaroni, dabino. Masana abincin 'yan wasa sun ƙiyasta cewa mai atisaye na awa 1 zuwa 3 kullum yana bukatar giram 6 zuwa 10 na irin wannan sinadari ga kowane kilo na nauyinsa. Yaronmu kilo 65 ne, ke nan daga giram 390 zuwa 650 a yini. Giram 100 na dabino ba ya wuce giram 75 a ciki. To ku auna, wanda ya bar bazin da burodi, da me zai cike wannan rami? Jikinsa sai ya koma cin naman kansa.

Kuma kada a ɗauka cewa a wurin tantancewar za a ciyar da mutum ya ƙoshi. A farkon shekarun 1990 likitocin sojan Amurka sun auna masu horon Renja, suka tarar a cikin mako 8 mutum kan zubar da fiye da kashi 10 cikin 100 na nauyinsa, saboda da gangan ake rage musu abinci da barci. Wanda ya je da ajiya a jikinsa shi ke kai labari. Wanda ya rame tun daga gida wai don ya saba da yunwa, ya ci bashin da ba zai iya biya ba. Wani binciken da suka buga a 2020 ya nuna cewa waɗanda suka saba cin abinci mai inganci tun kafin su je, su suka fi tsallake tantancewar rundunarsu ta musamman.

Da muka zo kan garin gwangwanin nan, sai na ɗauko takarda muka yi lissafi kamar a aji. Sinadarin gina tsoka, wato furotin, ana son giram 1.2 zuwa 2 ga kowane kilo, ke nan shi daga 78 zuwa 130. Ƙwai uku giram 18. Gwangwanin tuna ɗaya wajen 25. Kofin dafaffen wake 15. Rabin litar madara 16. Cikin tafin hannu na gyaɗa 7. Burodi da makaronin yini su ƙara kamar 20. Na ce ya haɗa, ya haɗa ya sami 101, ya ɗago ya dube ni. Garin ba guba ba ne in mai kyau ne, amma duk abin da ke cikinsa yana cikin tukunyar mahaifiyarsa a kan rabin kuɗin. Abin da na gargaɗe shi a kai da babbar murya shi ne allurar kumbura ƙwanji da tiramadol da wasu ke raɗa wa yara. Na farko yana ɓata hanta da zuciya, na biyu yana ɓoye ciwo har ƙashi ya tsage mutum bai sani ba, ga kuma kamu.

Af, kakanninmu fatake da suka riƙa ratsa Sahara tsakanin Kano da Murzuƙ ba su san kalori ba, amma guzurin wannan hanya dabino ne da zummita da busasshen nama. Har gobe ban ga guzurin da ya fi wannan dacewa da mai tafiya da kaya ba.

Amma abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne rana. A watan Yulin 2013, a duwatsun Birekon da ke Birtaniya, sojoji uku suka mutu saboda zafi a wajen tantancewar rundunar SAS, alhali zafin ranar bai kai digiri 30 ba. Mu nan Fezzan, 40 abin yau da gobe ne a bazara. Mai gudu a cikin zafi yakan yi gumin lita 1 zuwa 2 a awa guda. Hanya mai sauƙi ita ce ya hau sikeli kafin fita da bayan dawowa: kowane kilo da ya ragu, lita guda ce ta ruwa. In ragin ya wuce kashi 2 cikin 100, wato kilo 1.3 gare shi, ƙarfi da tunani sun fara raguwa. Fitsari ya zama kamar ruwan lemon tsami. In ya koma kalar shayi, akwai matsala. Kuma ruwa zalla da yawa shi ma yana kisa, domin yana tsinka gishirin jini. Sojan Amurka ba ya yarda a wuce kimanin lita ɗaya da rabi a awa. A doguwar tafiya a haɗa lita ɗaya ta ruwa da ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Jiki na bukatar kwana 10 zuwa 14 kafin ya saba da aiki a zafi, saboda haka a fara da asuba, a hankali, kuma kada a fita shi kaɗai. Wanda ya fara tangaɗi ko surutai, a kai shi inuwa, a kwarara masa ruwa a jiki nan take, sannan a nufi asibiti. Da azumi kuwa, atisaye mai nauyi sai bayan buɗa baki.

Shayinmu mai kauri da muke sha da zarar an ɗauke kwano yana hana jiki tsotsar sinadarin ƙarfe da ke cikin wake da ganye. A jinkirta shi awa guda, a matsa lemon tsami a miya.

Sai wani abu da ya shafe mu musamman. A Nijeriya kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da rabin jinin sikila, wato AS, lafiyarsa kalau bai ma sani ba, kuma da yawanmu asalinmu can ne. Wani bincike a kan sojojin Amurka a 2016 ya nuna irin waɗannan sun fi fuskantar narkewar tsoka idan aka matsa wa jiki, abin da ke iya taɓa ƙoda. Ba ya hana aikin soja, amma wajibi ne mutum ya san matsayinsa. Na tambayi yaron ko an taɓa auna jininsa, ya ce a'a. Mahaifiyarsa ma ba ta san nata ba.

Shekaranjiya na raka shi Sabha aka ɗebi jinin, an ce mu koma ranar Lahadi. Kafin nan na karɓe jakar yashin na kulle a ɗakina, shi kuma ya koma kan akushin bazin, har da neman ƙari.