Mo Ibrahim da wayar da ta tsallake iyaka: Ina aka kwana?

Duk ɗan kasuwar da ya yi zirga-zirga tsakanin Jibiya da Maraɗi, ko Illela da Birnin Ƙonni kafin shekarar 2001, bai manta da yadda ake jin farashin wake ko na raguna ba. Sai dai a ba direba sallahu, ko a tura yaro ya kwana a hanya, kafin ya dawo farashin ya canza. Daga cikin mutanen da suka kawo ƙarshen wannan wahala akwai wani injiniya ɗan ƙasar Sudan, Dokta Muhammad Ibrahim, wanda duniya ta fi sani da Mo Ibrahim.

An haife shi a 1946, daga ƙabilar Nubiya, ya kuma tashi a birnin Iskandariya na ƙasar Masar, inda ya karanci aikin injiniyan lantarki. Bayan ya yi aiki a kamfanin tarho na Sudan, sai ya wuce Ingila a 1974, ya yi digiri na biyu a Bradford, na uku a Birmingham. Yana cikin manyan injiniyoyin da suka kafa wa kamfanin British Telecom layin salula na Cellnet a 1985. A 1989 ya ajiye aikin albashi ya buɗe nasa kamfanin mai suna MSI, wanda aka sayar a shekarar 2000 kan kuɗi kusan dalar Amurka miliyan 900.

Abin da ya shafe mu ya faro ne a 1998, lokacin da ya kafa kamfanin da daga baya aka sa wa suna Celtel. A wancan zamani manyan bankunan Turai ba sa son jin zancen Afirka, a ganinsu talaka ba zai sayi waya ba, ga yaƙe-yaƙe, ga cin hanci. Shi kuwa lissafinsa daban ne: inda babu tarhon girke, babu hanya mai kyau, nan ne aka fi buƙatar waya. Da tsarin katin da mutum ke saya daidai ƙarfinsa, sai ga mai sayar da albasa da mahauci sun zama abokan cinikin kamfani. A 2005, lokacin da Celtel ke aiki a ƙasashe 13, ciki har da Nijar da Chadi, kamfanin MTC na ƙasar Kuwait ya saye shi kan dala biliyan 3.4, kuma ma'aikatan da aka ba hannun jari sun samu rabonsu.

Game da cin hanci, dabarar da ya yi ita ce ya ɗaure hannun manajojinsa. Duk kuɗin da ya haura dala 30,000 ba ya fita sai da amincewar hukumar daraktoci. Idan wani babba ya nemi na goro, manaja na da amsa a hannu, wato ba shi da ikon sa hannu. Duk uban gidan da ke tura yara da kaya ta shingayen kan hanya ya san amfanin irin wannan ƙa'ida.

Idan mai karatu bai manta ba, a 2006 Celtel ya shigo Nijeriya ta hanyar sayen Vmobile. A shekarar ce kuma ya ɓullo da tsarin One Network a Kenya da Tanzaniya da Yuganda, sannan a 2007 aka faɗaɗa shi zuwa Nijeriya da Nijar da Chadi. Ma'anarsa, ka tsallaka iyaka da layinka, ka amsa kira kyauta, ka sayi kati a ƙasar da ka sauka. Kamfanin ya koma Zain a 2008, sannan Airtel na Indiya ya saye shi a 2010 kan dala biliyan 10.7.

Shi kuma Mo Ibrahim ya juya ga abubuwa biyu. Na farko, kamfanin Satya Capital mai zuba jari a kamfanonin Afirka masu tasowa, kamar dai yadda uban gida ke ba yaro jari a raba riba, sai dai a nan komai a rubuce yake. Na biyu, gidauniyar da ya kafa a 2006, mai auna ingancin mulki a kowace ƙasar Afirka, tana kuma ba shugaban da ya sauka cikin mutunci kyautar dala miliyan 5. Tsohon shugaban Nijar Mahamadou Issoufou ya samu ta 2020. Masu suka na cewa kuɗi ba ya gyara halin shugaba, kuma shekaru da dama sun wuce ba a samu wanda ya cancanta ba.

A nan ne gizo ke saƙar. Jari da fasaha sun rage nisan da ke tsakanin kasuwanninmu, amma siyasa na mayar da hannun agogo baya. Nijeriya ta rufe iyakokinta daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020. Bayan juyin mulkin Yulin 2023 an sake rufe iyakar Nijar har zuwa Maris na 2024, sannan a Janairun 2025 Nijar ta fice daga ƙungiyar ECOWAS. A irin waɗannan lokuta ɗan kasuwa na iya kiran abokin cinikinsa a ƙetare, amma tumatir na ruɓewa a cikin mota. Ita ma Sudan, ƙasarsa ta haihuwa, ta faɗa yaƙi a Afrilun 2023.

Don haka ya kamata ƙungiyoyin 'yan kasuwa na Maigatari da Mai'aduwa da Kamba da takwarorinsu na Nijar su haɗa baki, su nemi hukumomin sadarwa na ƙasashen biyu su yi yarjejeniya kai tsaye kan kuɗin kira da na tura kuɗi ta waya, wadda ba za ta rushe ba duk lokacin da shugabanni suka saɓa. Abin da kamfani ɗaya ya iya yi a 2007 bai kamata ya gagari gwamnatoci biyu ba. Allah Ya ba mu zaman lafiya da ciniki mai albarka.