Ɗurin harsashi ba a koyonsa a waya

Kwanan nan bidiyon Amurkawa masu sake ɗura kwanson harsashi a gida ya yi ta yawo a wayoyin samarinmu na Gurda, har wasu na cewa ga sana'a ta samu, tunda kwanso ba ya wuya a Sabha: washegarin kowane biki yara na tsintarsa a bakin titi. Mu dai muna ganin a janye hannu.

Bindiga ba baƙuwarmu ba ce. Tun ƙarni na 16 Mai Idris Alooma na Barno ya samo bindigogi da Turkawa masu koyar da harbi daga Tarabulus, ta wannan hanya ta Fezzan da muke zaune a kanta. Har gobe ƙarar 'yan bindiga ce ke raka sarki a hawan sallah a Kano da Katsina. Sai dai duk wanda ya tashi a gidan maharba ya san yaro kan shekara da shekaru yana ɗaukar jaka yana kallo kafin a bar shi ya taɓa albarushi. Ma'auni na maigida ne. Ba a ɗuri kusa da murhu, ba a leƙa bakin bindigar da ta ƙi tashi. Duk da wannan horo, ƙauyukanmu ba su rasa dattijon da bindigar toka ta raba shi da yatsu ba.

To, wancan albarushin gargajiya ke nan. Garin da ke cikin harsashin zamani, marar hayaƙi, wanda Paul Vieille ya ƙirƙiro a Faransa a 1884, ƙarfinsa ya ninka na da, in aka zuba shi a bindigar toka tarwatsa ta yake yi a hannun mai ita. Ba'amurken da ke cikin bidiyo yana da sikelin da ke gane abin da bai kai kashi 1 cikin 100 na giram ba, da littafin awo daga kamfani, da gari a gwangwaninsa na asali mai suna a jiki, da tabarau a ido. Wannan sashen ne ɗan bidiyon minti guda ba ya nunawa. Mu kuwa me za mu ɗura? Garin da aka zazzage daga tsofaffin harsasan da ke kwance cikin zafin Sahara tun 2011, ba a san irinsa ba, ba a san yadda zafi ya lalata shi ba.

Ba mu manta da Brak ba. A watan Nuwamba na 2013 rumbun makamai ya fashe a can, arewa da mu kaɗan, lokacin da wasu suka shiga ɗibar harsasai, mutum fiye da 40 suka rasu.

Akwai kuma abin da ya shafe mu mu kaɗai. In aka tarar da sikeli da tulin kwanso a ɗakin Bahaushe, babu jami'in da zai kira shi mai sha'awar farauta, kuma ba shi kaɗai za a tuhuma ba. Masu shago da magina da teloli na unguwa duk za su ɗanɗana. Wanda harbi ke ransa da gaske, ya bari sai ya koma gida, ya nemi lasisi, ya durƙusa gaban sarkin baka. Iyaye kuma su faɗa wa yara masu tsintar tagulla cewa harsashin da bai tashi ba a bar shi inda yake, a kira babba.