Ranar Da Manomi Ya Shiga Tsakiyar Fage

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san cewa kwaikwayo ba baƙo ba ne. Da azumi ya kai kwana goma sai yara su fito tashe, wani ya zama tsoho mai tumbi, wani ya zama malami mai allo. Bayan an gama kaka kuma, samarin ƙauye su yi kalankuwa, su naɗa wa junansu sarauta, wannan gwamna, wancan alƙali, wancan ɗan sanda. Yaron da ba ya iya ɗaga kai a gaban yayansa sai a gan shi ya zauna yana yanke hukunci da murya mai kauri, har uwarsa ta riƙe baki.

Abin da ya faru a Zariya ya nuna cewa wannan al'amari ya wuce raha. Cikin shekarar 1975 ne Jami'ar Ahmadu Bello ta fara koyar da wasan kwaikwayo a ƙarƙashin wani Bature, Michael Etherton, wanda ya yi irin wannan aiki a ƙasar Zambiya. Ɗakin wasan ma da jar ƙasa aka gina shi, irin ginin gargajiya. Amma malaman ba su yarda ɗalibai su tsaya a cikin harabar makaranta ba. Sai da suka tura su unguwannin Samaru da ƙauyukan kewaye, su ji abin da ke damun mutane, su mai da shi wasa. Cikin 1977 aka kai Wasan Manoma garin Soba, a lokacin da gwamnatin Janar Obasanjo ke ta yayata shirinta na ciyar da ƙasa. Daga nan aka yi na Maska, aka yi na Bomo.

To, a nan ne ɗaliban suka fara gane kansu, kuma ba da daɗi ba. Sun tafi a matsayin masu ilimi za su wayar da kan jama'a, suka tarar mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wasan da aka shirya a makaranta aka ɗauko shi dungurungum, manomi yakan kalla ya yi dariya, ya tafa, ya koma gida da matsalarsa yadda ya zo da ita. Saboda haka a hankali aka sake dabara: a zauna da mutanen gari, a tsara labarin tare da su, a tsai da wasa a tsakiya a tambaye su yadda ya kamata ya ci gaba, wanda ya ga an yi kuskure ya tashi ya shiga fage ya gyara. Augusto Boal na ƙasar Brazil ya yi suna da irin wannan hanya.

Mai karatu ya dubi manomin da ya shekara talatin yana durƙusawa a gaban mai rabon taki, bai taɓa cewa uffan ba. Yau an ce ya tsaya a matsayin mai rabon takin. Yana buɗe baki sai ya ji duk dabarun mutumin suna fitowa daga bakinsa, da yadda ake ɓoye buhu, da yadda ake cewa a dawo gobe. Ashe ya daɗe da sanin yadda ake cutarsa, bai dai taɓa jin kansa yana faɗa ba. Gobe kuma in aka mai da shi manomi a cikin wasan, yana iya gwada kalmar da zai mayar, domin a fage babu wanda zai kama shi. Wannan gwaji shi ne ribar abin duka.

Masu mulki ma sun san haka. A Kamiriithu ta ƙasar Kenya, manoma da ma'aikata sun yi wasa da harshen Kikuyu cikin 1977 tare da Ngugi wa Thiong'o. Aka hana wasan, aka tsare Ngugi shekara guda ba tare da shari'a ba, cikin 1982 kuma aka rushe dandalin da mutanen suka gina da hannunsu.

Abin takaici, da ƙungiyoyin ba da agaji suka gane amfanin wannan hanya, da yawansu sun mai da ita shela. Akan zo da mota da lasifika da amsa a rubuce tun daga ofis, ko a kan rigakafi ko a kan tsabta, a yi wasa na rabin awa, a ɗauki hoto, a tafi. Saƙon yana iya zama mai kyau ƙwarai, amma an mai da mutumin gari ɗan kallo, inda aka tarar da shi tun kafin 1977. Ga kuma wayar hannu, wadda ta kawo wa matasa finafinan Kano har cikin ɗaki, ta rage masu fitowa dandali bayan sallar lisha.