Martani: Ma'auninka Bai Iso Yauri Ba

Malam, na karanta sharhinka inda ka ce cibiyar adana bayanai ta biya kuɗin sabulu muddin ta yi tsimin wuta kuma ta kawo riba. Ban yarda ba.

Ma'aunin PUE da ka dogara da shi, wanda ƙungiyar Green Grid ta fitar a 2007, lissafi ne kawai: wutar da ginin ya sha, a raba da wadda kwamfutocin suka sha. Ko aikin banza suke yi, makin na iya yin kyau.

Don sanin abin da ma'aunin bai auna ba, ka zo kasuwar Yauri ka ga dillalin albasa tsaye gaban mai POS, an cire kuɗinsa, ba su shiga ba, mota kuma tana jiransa. Wannan minti nawa ne a lissafinka?

Ka kuma ambaci megawat 760 na madatsar ruwan Kainji kamar kayan gado. Kafin a tare ruwan a 1968, sai da aka tashi mutane fiye da 40,000, har da Gungawa. Jikokinsu na Ngaski da Shanga fa?

Malam, sake lissafi, ka sa su ciki.